Damisa da ɗanta: yadda ake karanta zane

 

A watan jiya na kai ɗinki wurin wani tela a bakin kasuwa, sai na tarar da shi da abokinsa suna gardama a kan almanakar da ke rataye a bangon shagon. Da yawa daga cikinku sun san irin hoton, domin ana sayar da shi tare da hotunan furanni da na manyan gidajen ƙasashen waje. Ƙungurmin kurmi ne kore shar, ƙorama na gudana, wani ƙaton namijin damisa na tsaye a kan dutse, macen na kwance a gindin dutsen, ƴaƴa uku suna wasa a tsakaninsu. Tela ya ce shi abin da ya sa ya rataya shi, yana tuna masa yadda ya kamata gida ya kasance: maigida na tsaro, uwargida na reno, yara na cikin kwanciyar hankali. Abokin ya ce wannan tatsuniya ce kawai, wa ya taɓa ganin damisa da iyali? Da suka gan ni sai tela ya ce, "Yawwa Malam, kai da kake rubuce-rubuce, zo ka raba mana gardama." Na roƙe su su ba ni lokaci, domin amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin shago. Abin da na shirya musu shi ne na kawo muku yau.

Da farko sai mu gyara suna. Damisar da kakanninmu suka sani, wadda aka yi wa kirari da ƙi sabo, ita ce mai rodi-rodi, mai hawa itace da naman da ta kama, wadda Faransawa ke kira léopard ko panthère. Wadda ke jikin almanakar tela kuwa mai ratsi-ratsi ce, ita ce tigre a Faransanci, kuma ba ta taɓa zama a dazukan Afirka ba. Ƙasarta Asiya ce, daga dazukan Indiya da Nepal, zuwa fadamun Sundarbans da ke tsakanin Indiya da Bangaladash, zuwa tsibirin Sumatra, har can gabashin Rasha inda take tafiya cikin ƙanƙara. Ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, domin namijinta a Indiya yakan haura kilo 200, alhali da wuya namijin tamu ya kai kilo 90. Da yake Bahaushe bai san ta ba sai a hoto, sai ya ara mata sunan ƴar uwarta. A wannan rubutu, duk inda na ce damisa, mai ratsin nake nufi.

Ba mu san wanda ya zana hoton almanaka ba, ba mu kuma san abin da ya gani da idonsa ba. Saboda haka zan auna shi da wani zane wanda aka san mai shi, aka san shekararsa, aka san inda yake. Sunansa Jeune tigre jouant avec sa mère, wato ɗan damisa yana wasa da uwarsa, kuma yana rataye a gidan adana zane-zane na Louvre da ke birnin Paris. Wanda ya yi shi Eugène Delacroix ne, Bafaranshen da aka haifa a 1798, ya mutu a 1863. Tsofaffin ƴan kasuwa da suka riƙe kuɗin Faransa a shekarun 1980 sun ga fuskarsa a jikin takardar faran 100. Ya yi zanen a 1830, shekarar da mutanen Paris suka tumɓuke sarki Charles na 10, kuma a 1831 ya baje shi a babban taron nunin zane na birnin, tare da shahararren zanensa na macen da ke riƙe da tuta tana jagorantar masu bore. Mutum ɗaya ke nan, a shekara ɗaya, ya zana tarzomar titi ya kuma zana dabba da ɗanta a kwance.

Abu na farko da mai kallo ya kamata ya yi shi ne ya faɗi abin da idonsa ya gani kafin ya faɗi abin da zuciyarsa ta raya masa. To, me ake gani? Ƙyallen da aka yi zanen a kai babba ne, faɗinsa ya kusa mita 2, tsayinsa kuma kimanin mita 1 da santimita 30. Dabbobin biyu sun cika shi. Uwar tana kwance ta miƙe jiki, amma kanta a ɗage yake, wuyanta a tsaye, idonta a buɗe. Ɗan yana birgima a jikinta, ya karkace, hankalinsa duk yana ga wasa. Bayansu duwatsu ne da sama mai hadari. Babu kurmi, babu ƙorama, babu furanni, kuma babu namiji.

Girman ƙyallen ma magana ce. A wancan zamani irin wannan fili ana keɓe shi ne domin sarakuna da yaƙe-yaƙe da manyan labarai, hotunan dabbobi kuwa ana ɗaukarsu ƙaramin aiki. Da Delacroix ya ba damisa filin sarki, ya nuna cewa a wurinsa halittar ta cancanci a tsaya a dube ta da natsuwa. Sannan a lura da bambancin da ke tsakanin jikin biyu. Uwar ta huta amma ba ta saki jiki ba, ɗan kuwa ya saki jiki gaba ɗaya. A fahimtata, nan ne zuciyar zanen take: sakewar ɗan ta samu ne daga rashin sakewar uwar. Duk matar da ta taɓa zama a tsakar gida tana tsince shinkafa, kunnenta na wajen yaron da ke rarrafe kusa da murhu, ta san wannan zama.

Akwai kuma wani abu da mai gaggawa ba ya lura da shi. Ɗan da ke cikin zanen ba jariri ba ne, ya kusa kamo uwarsa a girma. Hasali ma zanen yana da suna na biyu, Étude de deux tigres, wato nazarin damisoshi biyu. Wanda ya karanta wannan suna na biyu zai ga dabbobi biyu ne kawai a kwance, wanda ya karanta na farko kuwa nan take zai ga uwa da ɗa, ya ga ƙauna da haƙuri. Ke nan sunan da aka rubuta a ƙarƙashin hoto yana jan ido kamar yadda akala ke jan raƙumi. Wannan darasi ne da ya wuce maganar zane, domin haka ake yi mana kullum da hotunan jarida da na wayar hannu: a ɗora wa hoto ƴan kalmomi, mu kuma mu rantse cewa da idonmu muka gani.

Abu na biyu shi ne tambayar abin da mai zanen ya sani. Delacroix bai taɓa taka ƙasar Asiya ba. Ko tafiyarsa zuwa Maroko da Aljeriya sai a 1832 ya yi ta, bayan ya gama wannan aiki. Inda ya ga damisa shi ne gidan namun daji na Jardin des Plantes a Paris, inda yakan je tare da abokinsa Antoine-Louis Barye, mai sassaƙa, su zauna gaban keji suna zana dabbobi, har idan wata ta mutu su je su duba yadda tsokarta da ƙashinta suke. Shi ya sa jikin damisarsa ya fito daidai, kafaɗa da dantse da nauyin tafin ƙafa, amma ƙasar da ya kwantar da ita a kai ta fito daga tunaninsa ne. Ya san dabbar, bai san gidanta ba.

Abu na uku shi ne mu koma ga halittar kanta, mu ga ko zanen ya yi mata adalci. Damisa tana ɗaukar ciki kimanin wata uku da rabi, ta haifi ƴaƴa biyu zuwa huɗu a galibi, a cikin kogo ko sarƙaƙƙiyar ciyawa. Ana haihuwarsu ido a rufe, kowane bai wuce kilo 1 da ɗoriya ba, kuma sai bayan mako ɗaya zuwa biyu suke buɗe ido. Idan ta ji alamar haɗari sai ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da bakinta ta sauya musu maɓoya. Suna wata biyu suke fara bin ta da ɗanɗana nama, suna shan nono har wajen wata shida. Duk wannan lokaci ita kaɗai ke farauta. Babbar damisa na buƙatar abin da ya kai barewa 50 a shekara domin cikinta kaɗai, mai shayarwa kuwa fiye da haka, ga shi kuma yawancin fitar da take yi ba ta dawowa da kome. Duk da wannan wahala, kusan rabin ƴaƴan ba sa kai shekara biyu, saboda yunwa da cuta da ambaliya da sauran namun daji.

Wasan da Delacroix ya zana shi ma ba wasan banza ba ne. Da kokawa da sanɗa da cafkar wutsiyar uwa ne ɗan damisa ke koyon yadda ake laɓewa, da yadda ake tsalle, da inda ake kafa haƙori. Daga baya uwar takan kai su farauta su ga yadda ake yi, har ta raunana dabba ta bar musu su ƙarasa. Sai sun kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu suke iya ciyar da kansu, daga nan kuma rabuwa ta zo. Ƴaƴa mata sukan kafa nasu yanki kusa da na uwar, mazan kuwa sukan yi nisa, kuma a wannan tafiya ce da yawa ke halaka. Idan muka riƙe wannan a zuciya muka sake duban girman ɗan da ke cikin zanen, sai ma'anarsa ta ƙaru. Wasan da muke kallo yana cikin na ƙarshe-ƙarshe, uwar kuma ta kusa gama aikinta. Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma gudun ma sai da aka koya masa.

Yanzu sai mu zo ga tambayar da ta haɗa tela da abokinsa, wato ina uban yake. A dawa namijin damisa shi kaɗai yake zama. Yana riƙe da yanki mai faɗi wanda ya ƙunshi yankunan mata biyu ko uku ko fiye, yana kewaya iyakarsa yana sa mata alama da fitsari da kartar itatuwa. Ba ya reno, ba ya kawo abinci gida kamar yadda hoton almanaka ke sa mutum ya zata. Ta wannan fuska abokin tela ya yi gaskiya, kuma Delacroix da ya bar namiji a waje ya fi mai almanaka kusa da abin da ke faruwa. Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba. Masu bin sawun damisoshi a gandun dajin Indiya sun sha ganin namiji ya ziyarci mace da ƴaƴansa, ya kwanta kusa da su, ya bar su su ci daga abin da ya kama. Mafi muhimmanci kuma, idan baƙon namiji ya kori mai yanki ko ya kashe shi, sau da yawa yakan kashe ƙananan ƴaƴan da ya tarar, domin macen ta sake ɗaukar nasa cikin. Ke nan muddin uban yana riƙe da iyakarsa, ƴaƴan suna cikin aminci ko da ba sa ganinsa. Tela ma bai faɗi ƙasa warwas ba: akwai tsaro, amma daga nesa ake yin sa, ba a kan dutse ana kallon mai ɗaukar hoto ba.

A nan ya kamata mu yi hattara da wani kuskure da ke saurin kama mai kallo, wato mayar da dabba madubin mutum. Wanda ke neman hujjar barin gida ga mace ita kaɗai zai iya cewa ai ko damisa haka take yi, wanda kuma ke son hoton gida mai tsari zai zana wa damisa irin gidan da yake so. Dukansu biyu kansu suke gani. Damisa tana bin abin da aka halitta ta a kai, ba ta da zaɓi kuma ba ta da alhaki. Ɗan Adam kuwa an ba shi hankali, kuma za a tambaye shi game da waɗanda ke ƙarƙashinsa. Abin da ya dace mu ɗauka daga zanen shi ne ganin nauyin reno da tsawon lokacinsa, ba tsarin rabon aikin gida ba.

Saura maganar kurmi. Mai son ganin damisa cikin ganyaye sai ya nemi zanen wani Bafaranshe, Henri Rousseau, wanda aka haifa a 1844 ya mutu a 1910. Ma'aikacin karɓar harajin kayan shiga birnin Paris ne, shi ya sa ake masa laƙabi da le Douanier, kuma shi ya koya wa kansa zane. A 1891 ya yi wani zane mai suna Surpris!, wanda yanzu yake babban gidan zane-zane na ƙasa a birnin Landan. A cikinsa ana tsuga ruwa, walƙiya na tsaga sama, iska ta kwantar da ciyawa, damisa ta duƙa ta bayyana haƙora, kuma ba a nuna mana abin da take hari ko abin da ya firgita ta ba. Rousseau bai taɓa fita daga Faransa ba. Kurminsa ya haɗo shi ne daga tsirran da ya gani a wannan lambu na Jardin des Plantes da kuma hotunan littattafai. Saboda haka shahararren kurmin da duniya ta sani a zane an shuka shi ne a tsakiyar Paris, kuma ina kyautata zaton kurmin almanakar tela ma daga irin wannan tunani ya fito.

Amma zanen Rousseau yana tayar da tambaya mai kyau wadda yara kan yi: yaya dabba mai launin ruwan goro za ta ɓuya cikin kore? Amsar tana idon abin farautarta. Idon mutum yana rarrabe ja da kore, idon barewa da danginta kuwa ba ya rarrabe su sosai, don haka jikin da muke gani yana ƙyalli kamar wuta, a wurin barewa ya saje da ciyawa. Ratsin baƙi kuma yana wargaza siffar jiki, ya yi kama da inuwar dogayen kara. Daɗin daɗawa, babu damisa biyu masu ratsi iri ɗaya, kamar yadda babu mutum biyu masu zanen yatsa ɗaya. Da wannan ne masu ƙidaya ke gane kowace ɗaya a hotunan na'urorin da suke ɗaurewa a jikin itatuwa.

Ƙidayar kuwa ita ce ɓangaren labarin da babu mai zane da ya sa a ƙyallensa. An ƙiyasta cewa a farkon ƙarni na 20 akwai damisoshi kimanin dubu 100 a dazukan Asiya. Zuwa 2010 ƙiyasin ya faɗo zuwa wajen 3,200, saboda farautar nishaɗi ta zamanin mulkin mallaka, da sare dazuka domin noma, da fataucin fata da ƙashi. Ta tsibirin Bali ta ƙare, ta yankin tekun Kasfiyan ta ƙare, ta tsibirin Java ma tun shekarun 1970 ba a sake samun tabbataccen ganinta ba. Wani mai zane ɗan Java, Raden Saleh, ya zana damisoshi suna gudun gobarar daji a 1849, lokacin da suke da yawa a tsibirinsu har manoma na tsoronsu. Yau zanen yana nan a Singafo, dabbar kuwa babu ita.

Duk da haka an yi yunƙuri, kuma ya yi amfani. Indiya ta kafa shirin kare damisa a 1973, zamanin Indira Gandhi. A 2010 ƙasashe 13 masu damisa suka taru a birnin Saint-Pétersbourg na Rasha suka yi alkawarin ninka yawanta kafin 2022. Ba duka suka cika alkawari ba, amma ƙidayar Indiya ta tashi daga 1,411 a 2006 zuwa 3,682 a 2022, ta Nepal kuma daga 121 a 2009 zuwa 355 a 2022. Wannan nasara tana da tsada, kuma talakawan ƙauyukan bakin daji ne suka fi biyanta, domin su ne ake kashe wa shanu, wani lokaci ma a rasa rai, wasu kuma an tashe su daga garuruwansu domin a faɗaɗa gandu. Wanda ke kallon damisa a bangon shago da wanda ke jin gurnaninta a bayan garkensa ba abu ɗaya suke gani ba, kuma adalci ya ce a tuna da na biyun.

To, ga hukuncin da zan kai wa tela. Hotonsa ya haɗa gaskiya da ƙari. Uwar da ƴaƴan gaskiya ne, kurmin an ƙawata shi, namijin da ke tsaye a kansu kuwa buri ne na ɗan Adam aka ɗora wa dabba. Burin ba laifi ba ne, sai dai ya san cewa nasa ne, kuma shi ne zai cika shi a gidansa, ba damisa ba. Abokinsa kuma ya rage dariya, domin wanda ya ce damisa ba ta da iyali bai san shekara biyun da uwa ke yi tana ciyarwa da koyarwa ba.

Ku kuma iyaye, ga shawara. Yaranmu suna ganin hotuna a rana ɗaya fiye da waɗanda kakanninsu suka gani a shekara, a littattafan lakkwal da talabijin da waya, amma ba kasafai ake koya musu tsayawa a kan ɗaya ba. Idan yaro ya kawo muku hoto, kada ku yi saurin gaya masa ma'anarsa. Ku ce ya lissafa abin da ya gani tukuna. Sannan ku tambaye shi wa ya yi hoton, kuma shin ya ga abin da idonsa ko labari ya ji. Daga ƙarshe ku tambaye shi me aka bari a waje. Minti goma sun isa, kuma ba a buƙatar sisi. An ce gani ya kori ji, amma ganin ma yana buƙatar tarbiyya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ni dai gobe zan koma karɓar ɗinkina, in ga ko hukuncin zai karɓu.